Kai Jinin Hamma Jos

Ana kiran assalatu muka bar tashar Jalingo a wata tsohuwar fijo, ina rungume da fulas mai ƙanƙara. Jinin Hamma ne a ciki, yayana da ya rene ni a unguwar Barade. Cikinsa ya kumbura, hoto ya nuna ƙullutu a hantarsa, likitanmu ya ce gwajin da zai bambance sai an je Jos. Shi kuwa ba ya iya zaman mota.

Hanyar Numan duk ramuka, ga wahalar mai, direba sai tsayawa yake wajen 'yan bumburutu yana mita. A bakin gada fasinjoji suka sauka cin soyayyen kifi. Wata tsohuwa ta ce in sam mata shayin da nake ta riritawa. Na ce ba shayi ba ne, ta taɓe baki, ta ɗauka rowa ce. Har Bauchi ba wanda ya sake kula ni.

Sanyin Jos ya shiga ƙashina. Ban san kowa ba. Na miƙa jinin, na yi kwanaki a barandar asibiti cikin masu jinya, kowa da abin da ya dame shi, har sakamako ya fito.

Wata likita ta zaunar da ni. Ta ce abin da suka auna sunansa AFP, ɗan tayi ne ke da shi da yawa, babba ɗan kaɗan ne. In ya ɗan hau, kumburin hanta ma kan jawo haka, don haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Zuciyata ta ɗan sake. Na ce, "To na Hamma fa?"

"Nasa ya hau ƙwarai, 'yar'uwa. In aka haɗa da hoton, ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Ki koma kusa da shi."

A dawowa ban ga hanya ba, ina ta jera kalmomin da zan faɗa. Tafiyar nan ta koya mini cewa neman amsa ya fi ɗaukarta sauƙi.

Na tarar da shi kan tabarma a ƙofar ɗaki. Ya dube ni ya daɗe, bai tambayi komai ba.

"Kin sha hanya," ya ce. "Zauna nan. Kada ki ƙara zuwa ko'ina."