Gidan da Muka Juya a Kurudu

Ni mutum ne mai son a yi abu bi da bi: harsashi, sannan bulo, sannan rufi. Shi ya sa ban ji daɗi ba da maigidana, darakta a wata ma'aikata, ya ce gidan hayar da zai yi a Kurudu ba za a kira birkila ba. A masana'anta ake ƙera ɗakunan, har da taga da tayil da banɗaki, tirela ta kawo, motar ƙugiya ta ɗora wani kan wani. Ya ce idan 'yan haya suka cika gidan, ni ne mai kula da shi, da ɗakina a ƙasa. A lokacin a shagon wani nake kwana a Jikwoyi.

Aka jera na ƙasa, aka ɗora na sama, aka ɗaura matakalar ƙarfe da noti. Kafin dawar gonar maƙwabcinmu ta fid da kai, bene ya tsaya yana kallon titi. Na ji haushin yadda ya yi kyau.

Sai maigida ya kawo mahaifiyarsa ta sa albarka. Hajiya ta nemi buta, na nuna mata banɗaki. Ta shiga, ta fito da butar cike da ruwanta.

Ta dube ni. "Kai, ina gabas a nan?"

Na nuna. Hannuna bai sauka ba na gane. Duk wanda ya zauna a masan nan, alƙibla yake fuskanta. Kuma da yake inji ɗaya ya haife su, duk banɗakunan gidan haka suke, sama da ƙasa. Ni ma a filin gidan nake salla kullum, ban taɓa haɗa gabas da masan ba.

Ta ce wa ɗanta, "Wane Musulmi zai kama haya a nan? Da digirinka!"

Maigida ya sunkuyar da kai. Na ga ɗakin da aka yi mini alkawari yana shirin kuɓuce mini.

Aka kira injiniya, mutumin kudu mai Hausar Abuja. Ya ce bututun a cikin daɓe aka zuba shi, masai ba ya matsawa. Sai ya yi murmushi. "Mama, babu matsala. Wannan gida ba ta da saiwa. Mu ɗaga shi, gaba ta koma baya."

"Ɗan nan, alƙibla ba a fuskantarta, ba a ba ta baya."

"To ina mutum zai duba, Mama?"

"Kudu ko arewa. Ka zaɓi garinku in kana so."

Na juya na kama tari don kada maigida ya ga haƙorana.

Motar ƙugiya ta dawo. A nan ne aka nemi tsari, tsari kuwa aikina ne. Na sa aka kwance matakala, aka sauke na sama a fili, aka ƙara harsashi, aka juya na ƙasa gefe guda, aka mayar da na sama. Hajiya na kan kujera a inuwa, ba a ajiye ɗaki sai ta ɗaga sanda. Da na bulo ne, da guduma za ta yi magana.

Gidan ya ba titi kafaɗa kamar mai fushi, barandarsa na kallon gonar dawa. Maigida ya daɗe bai so wucewa ta wurin ba. Amma 'yan haya sun zo, kuma duk wanda ya zo dubawa, banɗaki nake fara kai shi, in nuna masa gabas. Kafin a yi girbi na kwaso tabarmata daga Jikwoyi.