Kwamfutar da Aka Saya da Sa

Wata Asabar, ana dab da saukar ruwan farko a shekarar da na shiga aji biyar, motar Funtuwa ta tsaya a ƙofar shagon Kawu Isiya a Faskari, ƙarti biyu suka sauko da wani baƙin akwatin ƙarfe suna nishi. Ina raɓe a bayan ƙyaure da tsintsiya, domin ni ke share shagon bayan makaranta. Na lura da wata takarda da aka kankare a gefensa, da ƙurar da ta toshe ƙananan ramukan gabansa.

Kawu, ƙanen mahaifiyata, yana buga wa mutane takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Tsallaken titi kuwa akwai shagon Alhaji Mamman, mai irin wannan sana'a. A lokacin rediyo ba ta da zance sai na kamfanonin kwamfuta da ke tsere, wannan ya fito da mai sauri, wancan ya fito da wadda ta fi ta. Alhaji ya sayo sabuwa, siririya kamar faranti, ɗalibai suka koma wurinsa, aka bar Kawu da korar ƙuda.

Shi ya sa Baba Tsoho, kakanmu na Tafoki, ya yarda aka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu don a saya wa Kawu kwamfuta, da sharaɗin shi zai zaɓo na'urar. Ya kuwa zaɓe ta yadda yake zaɓen sa a kara, kasuwar shanu. Ya ƙwanƙwasa kowace, ya ɗaga, wadda ta gagare shi ɗagawa ya ce ita za a ɗauka. "Abin da bai da nauyi bai da ƙarko," in ji shi. Daga baya muka ji cewa irin wadda bankuna ke ajiyewa a ɗaki mai sanyi ce, tana yi wa wasu kwamfutoci hidima.

Da aka kunna ta, ta yi gurnani kamar injin niƙa, ƙaramin janaretan Kawu ya yi tari ya mutu. Aka sake, ya sake mutuwa. Baba Tsoho ya zauna a benci yana kallon gabas, inda hadari ke haɗuwa. Sa ɗaya ba ya jan garma, kowa ya sani.

Can sai ga Alhaji Mamman ya tsallako yana dariya. "Isiya, mi kuka sawo haka, kwamfuta ko giwa?" Ya zagaya ta, ya leƙa bayanta, ya kara kunne. Dariyar ta ragu. "Wagga aba za ta ɗauki allon kwamfuta goma a lokaci guda. Kai ba ka da wuta, ni ba ni da giwa." Kafin la'asar an jawo waya daga babban janaretansa, an ɗaure ta a gora ta ƙetara titi. Da na ga ƴan fitilun na'urar suna ƙiftawa kore, na matsa na kara tafin hannuna a iskar ɗumin da take hurowa, ba wanda ya hana ni.

Daminar nan da aron san maƙwabta aka yi huɗa, amma kafin kaka shagunan biyu sun zama ɗaya, kuma an ɗaure sabon maraƙi a turken Tafoki.

Yanzu wurin ya koma shagon cajin waya, kowane yaro na yin rajistarsa a tafin hannu. Kamfanonin suna nan suna tserensu a labarai. Har yau ban ji wanda a cikinsu ya tsallaka titi ya ba ɗan'uwansa wuta ba.