Kada a Wanke Ta

Kukan fankar cikin kwamfutar ne ya fara gaya mini ba lafiya. Na danna maɓallin kunnawa kamar kullum, fankar ta ɗauka da ƙarfi kamar injin ban-ruwan da ya shaƙi iska, allon ya tsaya baƙi ƙirin, sai ga wasu fararen layukan Turanci. Na bi su da yatsa. Wai wani fayil da kwamfutar ke buƙata kafin ta tashi ya ɓace. Na kashe, na kunna. Na cire caja, na mayar, na yi bisimilla, na sake kunnawa. Layukan nan dai.

Kwamfutar ta yayana ce. Da zai tafi hidimar ƙasa ya bar mini ita da wasan ƙwallon da ya saka a ciki, ya ce in riƙa kunna ta kada batir ya mutu. Jiya da la'asar wasan ya nemi a sabunta shi, na amsa, ya gama, na rufe. Ba wasan ne damuwata ba. Muryar Baba na ciki. Ranin da zai rasu, Yaya ya ɗauki hirarsa a waya a gonarmu ta albasa, yana ba da labari, yana tsokanar mai injin ban-ruwa, yana tari. Daga baya wayar ta faɗa magudanar ruwan da ke zuwa daga madatsa. Kwafi ɗaya ya rage duk duniya, shi ne kuma Inna ke sa in kunna mata duk Juma'a, tana zaune tana amsa masa.

"Ke, mi as same ki?" in ji Inna daga bakin ƙofa.

Na ce ta ƙi tashi. Wayar Yaya ba ta shiga. Inna ta yafa mayafi, muka bi motar albasa zuwa Goronyo, kwamfutar na rungume a ƙirjina, kowane rami sai na ji kamar wani abu ya ƙara zubewa a cikinta.

Mai gyaran yana wata rumfa bayan 'yan buhu. Ya kunna, ya dubi allon sau ɗaya.

"Hajiya, wagga sai an wanke ta."

"To wanke ta mana, ɗana," in ji Inna, har da sakin fuska. "Ni dama na san dauɗa ce. Kullum tana bisa tabarma, ana cin tuwo kusa da ita. Na sha ce ma yarinyar nan ta riƙa goge ta."

Har ya ɗauko filas ɗinsa, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Ban san lokacin da na kifa tafin hannuna a kan maɓallan ba.

"Malam, in ka wanke ta, abin da ke ciki hwa?"

"Tas. Kamar yau anka sayo ta."

Inna ta dube shi, ta dube ni. "Tas da mi?"

Na ce, "Inna, wankinsu ba na ruwa ba ne. Sharewa ce."

Can ta ce a hankali, "Har mai gidan?"

Ni na yi masa bayani. Ya sosa ƙeya ya ce da mun faɗa tun farko. Kayan ɗaki suna nan, in ji shi, makullin ƙofa ne wasan ya karya, ana iya gwada yanka wani, amma yana cin lokaci kuma bai yi alkawari ba. "To 'yar ƙwallo," ya ce da ni, "kin ci gida."

Ban yi dariya ba. Ya soka filas ɗin, ya buɗe wata baƙar taga a allon, yana buga kalmomi yana duba wayarsa. Ya sake kunnawa. Layukan nan suka dawo. Na miƙe, na zauna, na fita bakin rumfa, warin albasa ya cika mini hanci, na dawo. Janaretan maƙwabcinsa, inda yake jan wuta, ya mutu, muka koma kan batir, ni kuwa na san batirin nan ba ya daɗewa. Inna ta zauna a kan buhu tana jan carbi, ba ta ko kallona. Na gwammace ta zage ni.

Ya goge abin da ya rubuta, ya ce harafi ɗaya ya kuskure, ya sake. Ana kiran la'asar allon ya yi shuɗi, ƙananan ɗigo suka fara zagayawa. Suka yi ta zagayawa.

Sai ga hoton Yaya da rigar makaranta ya cika allon.

"Duba kayanki," in ji mai gyara.

Na tura masa ita. Shi ya bi inda na nuna masa, ya buɗe.

"Komi na nan, ƙanwata. Ba abin da at taɓu. In kunna ku ji?"

"A'a," Inna ta ce da sauri, tana miƙewa. "Ba cikin kasuwa ba. Ruhe ta mu tai gida."