Mutumin da Ba Ya Tafiya Gida Kirsimeti

Ranar Lahadin da ta wuce maigidana Yohanna ya cika shekara bakwai da rasuwa. 'Yan majami'a suna kiransa Baban Hannatu, mutanen Jibiya kuma suna ce masa Likita, ko da yake shi ba likita ba ne, malamin asibiti ne mai ba da magani da wanke ciwo. Kowace shekara idan ranar ta zagayo nakan yi addu'ata in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. 'Yarmu Hannatu, wadda take aure a Jos, ta ce mota za ta zo ɗaukata kwana uku kafin Kirsimeti, in haɗa kayana gaba ɗaya, ba na ziyara ba. Idan na shiga motar nan babu wanda zai buɗe majami'armu ranar bikin, kuma ƙofar nan ce mijina ya yi shekara talatin bai bari ta wuni a rufe ranar Kirsimeti ba.

Wanda bai zauna a irin garinmu ba zai ɗauka ranar Kirsimeti ce majami'a ta fi cika. A nan ba haka ba ne. Mu Kiristocin Jibiya kusan dukanmu aiki ko kasuwa ce ta kawo mu: malaman makaranta irina, ma'aikatan asibiti, 'yan kwastan da na shige da fice, masu shagon kayan mota. Wannan daga Zuru, wancan daga Biliri, mu kuma daga kudancin Kaduna. Da zarar Disamba ta raba tsakiya sai a fara ɗaure buhunan wake da albasa a kan motoci, kowa ya nufi garinsu. Lahadin ƙarshe kafin biki ake yin waƙoƙi, zumuntar mata su buga tulu har tafin hannu ya yi zafi, a yi ban kwana. Fasto ma yakan yi mana addu'a ya bi iyalinsa. Ranar bikin kanta sai ka ƙirga mutane da yatsun hannu biyu.

Baban Hannatu ba ya tafiya. Ni kuwa ina son gida, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Kowace shekara sai mun yi wannan rigimar, har maƙwabta sun san lokacinta. In ce masa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shi kuma ya ce, "Rifkatu, wanda muke yi wa bikin nan ma a kan hanya aka haife shi. Idan duk muka tafi, wa zai buɗe wa na kan hanya?" In ce masa ai ba shi kaɗai Allah ya ba hannun buɗe kwado ba. Sai ya yi dariya ya ci gaba da goge takalminsa. Kirsimetin ƙarshe da mahaifiyata ta yi a duniya a nan na yi shi, ina tuyar albasa ina kuka, domin ya lallashe ni ya ce baɗi za mu je tare. Baɗin bai same ta ba. Wannan har yau ban gama yafe masa ba, kuma ba zan yi wa matacce ƙarya a jarida ba.

Amma na kan hanyar nan da yake faɗa, akwai su. Da sassafe ranar Kirsimeti yakan hau tsohon babur ɗinsa ya tafi Magama, bakin iyaka, ya bi layin manyan motocin da ke jiran takarda yana leƙawa yana tambaya, "Akwai mai bi a nan?" Ya kwaso Kiristoci, direbobi da ma'aikatan da aikin ranar ya faɗa wa. Wasu kuma daga Maraɗi suke ƙetarowa, don sun ji labarin akwai majami'a a Jibiya da ba ta rufewa. Na tuna wani dattijo daga can da yakan iso a makare yana mitar 'yan duwan, wato kwastan na can, sun tsare shi, idan aka ba shi addu'a ya fara da Hausa ya ƙarasa da Faransanci, mu dai mu ce amin. Mijina ne yake karatu, shi ne yake ba da waƙa, alhali muryarsa ko akuya ta ji sai ta canja hanya. Duk da haka na sha ganin ƙaton direba, wanda ya yi mako biyu yana kwana ƙarƙashin mota, ya sunkuyar da kai yana share ido da hularsa.

Bayan sujada kuma sai abinci, a nan ne Malam Isuhu yake shigowa. Malam Isuhu maƙwabcinmu ne, Musulmi, manomi, gidansa yana kallon majami'a, titi ne kawai a tsakani. Tun shekararmu ta fari a garin nan mijina bai taɓa sa wa akuyar Kirsimeti wuƙa da hannunsa ba. Ranar jajibiri zai ja ta ya ƙetara titi, Malam Isuhu ya fuskantar da ita gabas ya yanka, domin duk gidan da kwanonmu ya shiga a ci da natsuwa. Shinkafa da miya nake zubawa a kwanuka goma sha biyu, shi da kansa yake rarrabawa gida gida, mata suna yi masa tsiya wai namiji da ɗaukar kwano. Kwanon kuma ba ya dawowa haka nan, ko da gyaɗa ce ko ƙullin kuka sai an sako. Idan Sallah ta zo mu ma mu ci namu rabon.

An taɓa kawo mana wani matashin fasto da abin bai yi masa daɗi ba. Ya kira mijina ya ce, "Baba, bikinmu ne, dabbarmu ce, don me za mu kai wa wanda bai yarda da bikin ba ya yanka?" Baban Hannatu ya ce, "Fasto, naman da maƙwabcina ba zai iya ci ba, ni ma ba zai wuce mini a maƙogwaro ba." Faston bai gamsu ba, amma a shekarar bai yi tafiya ba, kuma na ga ya ƙara kwano na biyu.

Saura mako biyu Kirsimeti Baban Hannatu ya rasu, bayan jinyar kwana huɗu. Akuyar shekarar tana ɗaure a tsakar gida. 'Yan'uwansa suka zo da mota don su ɗauki gawa, kamar yadda muke yi, domin a wurinmu mutum ko ina ya mutu a gida ake binne shi. Na ce musu ya bar wasiyya a sa shi a Jibiya. Yayansa ya dube ni ya ce, "Kin hana shi gida yana da rai, yanzu kuma za ki hana shi gida yana gawa?" Ni da na yi shekara talatin ina jansa zuwa gida, ni aka ɗora wa laifin. Na haɗiye, na tsaya a kan maganata, aka binne shi a maƙabartarmu da ke bayan gari. A raina na ce ai ni ma gefensa zan kwanta. Daga wannan shekara ni na ci gaba da buɗe ƙofa, ba don ya roƙe ni ba, don dai na rasa yadda zan yi in ga kwado a jikinta.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Jibiya ta yau. Bai ga rufe iyaka ba, na farko da na biyu, lokacin da motoci suka yi ta ruɓewa a layi da kayansu, 'yan'uwanmu na Maraɗi suka daina zuwa. Dattijon nan mai addu'a da harshe biyu ban san ko yana da rai ba. Bai ga mutanen ƙauyukan Bugaje da Mazanya suna shigowa gari da tabarma a ka ba, sun bar hatsi a gona saboda 'yan bindiga. Bai ga yadda ma'aikaci yake karɓar takardar turo shi Jibiya kamar an miƙa masa sammaci ba. Waɗanda muka yi zaman shekaru da su sun nemi canjin wurin aiki ɗaya bayan ɗaya, masu shago sun kwashe. Yanzu idan mutum ya tafi gida Kirsimeti, ba a tambayarsa ranar dawowa. Shekara biyu ke nan ba mu da fasto zaunanne, sai wanda ake aiko mana daga Katsina idan hanya ta yi kyau.

Na san shi, da cewa zai yi yanzu ne ma aka fi bukatar buɗewa. Da ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Faɗa da baki ba wuya, musamman ga wanda ya riga ya huta.

Bara mu biyar muka yi sujada: ni, da ma'aikata biyu daga bakin iyaka da bindigoginsu a jingine da benci, da wata mai sayar da abinci, da direba ɗaya. Muka yi waƙa biyu muka kasa ta uku, don babu wanda ya san farkonta. Na raba kwanuka kamar kullum, da ƙafata, ina tsayawa ina hutawa. Biyu suka dawo mini a rufe, ba a ko taɓa ba. Ɗaya daga gidan da Baban Hannatu ya yi wata guda yana zuwa wanke wa tsohonsu ƙafa, yanzu 'ya'yan ne suke riƙe da gidan, kuma sun ce ba sa cin abincin wannan biki. Ban yi fushi ba, kowa da abin da aka karantar da shi. Amma na zauna a kicin na dubi shinkafar nan ta huce, na ji tsufa ya sauko mini gaba ɗaya. Na gode Allah da bai nuna wa mijina wannan ba. Sauran naman kuwa na kai gidan Malam Isuhu, inda danginsa da suka gudo daga ƙauye suka cika kowane ɗaki.

Da damina na faɗi a bayan gida, na yi rabin wuni a ƙasa kafin matar Malam Isuhu ta ji kirana. Tun daga ranar nan Hannatu ta daina roƙo ta koma faɗa. Ta ce, "Mama, Baba ya mutu. Ni ce nake da rai. 'Ya'yana ba su san ki ba sai a waya." Na ce mata kabarin ubanta fa? Ta ce yaushe rabona da zuwa? Ta san amsar. Shekara biyu ban taka wurin ba, domin hanyar bayan gari ta zama abin da ta zama, ko masu itace sun daina bi. Na hana danginsa shi, na ajiye shi a inda ni ma ba na iya kai masa gaisuwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce wa Hannatu to. Zan shiga motar. Abin da na yi shekara talatin ina nema a wurin mijina ya zo mini, kuma ban taɓa jin baƙin cikin wata tafiya kamar wannan ba.

Shekaranjiya da hantsi na ƙetara titi don in faɗa wa Malam Isuhu. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya tafi. Na iske shi a zaure da dutse a gabansa yana wasa wuƙa. Muka gaisa, ya ce, "Uwar Hannatu, ban ga akuya ba har yanzu. Saura kwana goma fa, ina lissafe."

Na ce, "Malam, bana babu akuya. Hannatu za ta zo ta ɗauke ni. Na tafi ke nan."

Ya shafa bakin wuƙar da babban yatsa, ya mayar da ita kube. Sannan ya ce, "Ki tahi wurin ɗiyarki, ba ki yi laihi ba. Kin riƙe ma Likita amana iyakar ƙarhinki." Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar majami'a. "Amma mutanen nan nashi na bisa hanya, ba su san kin tahi ba. Wani zai zo."

Na ce zai zo, ya tarar da kwado.

Ya ce, "To ranar nan zan zauna ƙohwar gida. Wanda duk ya zo ya iske a ruhe, sai shi ƙetaro. Ni ban iya waƙarku ba, ban kuwa iya karatunku. Amma ba ya komawa da yunwa."

Na yi masa godiya a taƙaice, na tashi da sauri na koma gida.

Tun da na dawo nake auna abin da ya rage na Baban Hannatu a garin nan. Majami'ar gini ce, ƙila a sake cika ta wata rana, ƙila a'a. Kwanuka sun ragu, waɗanda suka san dalilinsu suna ƙarewa. Kabarinsa ciyawa ta rufe. Sunansa ma nan da 'yan shekaru sai tsofaffi. Abin da na ga ya rage shi ne tsoho ɗaya mai salla biyar, wanda yake ƙirga kwanakin bikin da ba nasa ba, saboda wani baƙo ya taɓa jawo akuya ya ƙetara masa titi. Ban sani ba ko wannan ya isa ladan shekara talatin. Malam Isuhu ya haura tamanin, ban kuma ga wanda zai gaje shi ba.

Saboda haka, kai direba ko ma'aikaci da bikin bana zai riska a bakin iyakar Jibiya, idan ka tambaya aka nuna maka majami'armu, ka yi haƙuri, za ka same ta a rufe. Ni ce na rufe ta, matar wanda ya saba buɗewa. Kada ka juya. Ka dubi tsallaken titi, akwai tsoho a kan tabarma yana jiranka. Ka yi masa sallama, ka ce kai baƙon Likita ne.