Ranar da Baba Rwang Bai Ji Hayaƙin Ba

Baba Rwang ba ya cin yaji da safe, ba ya shafa turare. Matarsa Lea ta yi mita har ta gaji, ta ce ita kam hanci ta aura. Ruwan zafi kawai zai kurɓa, ya bar gidansu a unguwar Mount Hope ta Bronx ya hau jirgin ƙasa zuwa wani kantin giya a Manhattan, inda ya shekara ashirin yana ɗanɗana wiski kafin mai kanti ya saro.

Aikin ba sha ba ne, ko da yake mu 'yan cocinsu ba mu fasa tsokanarsa ba. Zai zuba kaɗan a gilashi, ya ɗiga ruwa, ya shinshina, ya juya a baki, ya tofar. Abin da ya faɗa, a kansa mutane ke saye. Ya fi son na Scotland mai ɗan hayaƙi, wanda ake busar da tsiron sha'irinsa da wata baƙar ƙasa mai cin wuta. A cewarsa, hayaƙin kada ya wuce na rigar da aka shanya kusa da murhu.

Bara aka kawo irinsa. Abokiyar aikinsa Adwoa, 'yar zangon Kumasi, tana wurin. Ta ce ya shinshina, ya sake shinshinawa. Bayanin wiskin na jikin kwalbar, an rubuta zuma da hayaƙi; da ya karanto shi ya ce abin da ya ji ke nan, ba mai gane ƙarya ce, kuma 'yarsa Hosanna ba ta gama jami'a ba.

Sai ya ajiye gilashin.

"Na ji zumar," in ji shi. "Smoke ɗin ne, hayaƙin nan, ban ji ba. Adwoa, ke fa?"

"Yana nan, Baba."

"To, hancina ya gama aiki. Bari in gaya wa maigida."

Kai ne, Baba, da ka kai ƙarar kanka ba wanda ya tuhume ka. Na ji tausayinka ranar, na kuma ji alfahari. Dattijo mai magana ɗaya, mun gode.

Direba da ido ya fara gaza masa, nas da hannu ya fara rawa, mu duka mu yi koyi. Yanzu Baba Rwang gadi yake yi a wani asibiti a Bronx, a tsaye, da shekara sittin da uku. Hosanna za ta gama a watan Mayu.