Asabar ɗin da Ta Ɗaya Ta Zo Ta Huɗu

Na daɗe ina koyar da lissafi a wata sakandare a Tudun Wada ta Jos, ɗalibai sun bi ta hannuna ba iyaka. Yanzu har inda na ajiye tabarau mantawa nake, amma akwai wata Asabar da ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Akwai wata ɗalibata 'yar unguwar Kwararafa, mahaifinta direban keke mai ƙafa uku. Tun da ta shigo makarantarmu ba wanda ya taɓa karɓe mata na ɗaya. Burinta ta karanta injiniyan lantarki a wata jami'a mai nisa da ake rububin shiga. Irin waɗannan jami'o'i kuwa ba sa ko kallon wanda bai sa su a zaɓin farko ba. In ta zaɓe ta ba ta samu ba, shekara guda ta tafi a zaman gida. In ta zaɓi wadda ba a cunkoso a kanta, wuri kusan tabbas ne, sai dai ba nan zuciyarta take ba.

Wata safiya mahaifin ya ajiye kekensa a bakin makaranta ya same ni. Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, tsakaninki da Allah, za ta samu ko ba za ta samu ba? 'Yan unguwa cewa suke ai ta ɗaya ce, magana ta ƙare."

Na ce, "Malam, ni ba malamar duba ba ce. Amma ka sani, duk wanda zai nemi wurin nan shi ma na ɗaya ne a ajinsu. Ba ni lokaci in gwada ta."

Na yi magana da malamai abokan aikina, na wata makarantar mishan da na wata a Laranto, kowa ya kawo gwanayensa ranar Asabar. Suka zauna cikin sanyin nan na Jos, kowa da rigar sanyi, aka ba su tambayoyi irin na jarrabawar shiga jami'a, ni kuma ina riƙe da agogo. Da muka duba takardu, yarinyata ta zo ta huɗu. Duk abin da ta amsa daidai ne, amma lokaci ya ƙare ta bar tambayoyi da yawa. A ajinmu ba wanda ya taɓa biyo ta a guje, saboda haka ba ta taɓa koyon sauri ba.

Ta koma bayan aji tana kuka wiwi. Wallahi tausayinta ya kama ni, amma na daure na ce, "Don mutum uku sun wuce ki kike wannan kukan? To ki ajiye sauran hawayen, a can ba uku ba ne." Sai yaron da ya zo na ɗaya, ɗan wani manomin dankali daga makarantar mishan, ya matso ya ce da ita cikin Hausarsa ta Jos mai gauraye da Turanci, "Sista, kai ka san abu fa, taim kawai kana ɓatawa. In kwashin ya riƙe ka, bar shi, wuce gaba." Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kukan.

Da mahaifin ya zo ɗaukarta ban ɓoye masa komai ba. Na ce, "A yadda take yau, rashin samu ya fi samu kusa. In ta gyara sauri, ƙofa a buɗe take. Amma alkawari kam ba zan yi maka ba."

Ya dube ta ya ce, "Kin dai ji. Shekarar taki ce."

Ta share ido da gefen hijabinta ta ce, "Baba, a sa jami'ar nan a farko. Yanzu na san da su wa nake tsere."

Daga nan zaman Asabar ya zama al'ada. Mahaifin kan bar fasinja ya kwaso yaran a keke, har da ɗan manomin. Ta yi jarrabawa, makinta ya yi kyau, amma da aka fitar da sunayen farko babu nata. Kwanakin nan ko abinci ba ya min daɗi. Sai a zagaye na biyu sunanta ya fito, mahaifin ya shigo makaranta yana danna hon kamar mai rakiyar amarya.

Da ta dawo hutu ta zo gaishe ni, na tsokane ta na ce, "To, ta nawa ake zuwa a can?" Ta ce, "Malama, ko kusa da na ɗaya ban je ba, kuma ban yi kuka ba. Na riga na yi kukana a wurinki."

Tun daga lokacin, duk iyayen da suka tambaye ni damar ɗansu, ba na shafa musu zuma a baki. Na koyi cewa gaskiya ba ta karya gwiwar yaro mai ƙwazo, muddin an faɗa masa ita da sauran lokacin gyara.