Keken Ɗinki a Bayan Raƙumi

Daga Tabla aka kawo ni Filinge amarya, a shekarun ƙarshe na mulkin Nasara. Mijina palanto ne, wato ɗan aike, a biro, ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar. Shi ke buɗe ƙofofi da safe, ya share, ya goge tebura, sannan ya wuni yana kai takardu tsakanin biro da gidan sarki da gidan waya. Tun kafin a ɗaura aure aka gaya mini haka, ƙawayena suka yi ta taya ni murna wai na samu ma'aikaci. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, mutumin nan tela ne kuma, ga gonar gado a wuyansa.

Keken ɗinkin tun yana saurayi ya sayo shi a Kumasi, shekarar da ya bi samarin ƙasarmu ta Kurfai cin rani ya yi dako a kasuwa. Ƙarami ne, baƙi, irin wanda ake juyawa da hannu. Da rana ta take aka rufe biro don Nasara su huta, sai ya dawo gida da sauri, ya tuɓe kakinsa ya rataye don kada ya yamutse, ya sha fura a tsaye, ya zauna a zaure gaban keken. Ba ya tashi sai salla, sai kuma lokacin komawa aiki. Ranar Lahadi, da yake ita ce kasuwar Filinge kuma babu biro, ya ɗora keken a ka ya kai shi wata ƴar rumfa kusa da masu gishiri, ya wuni can. Idan damina ta faɗi, asuba da yamma na gona ne.

Da fari abin ya dame ni. Matan maƙwabta suna hira da mazajensu a inuwa, ni kuwa ƙarar keke kawai nake ji ta bayan katanga. Inna, mahaifiyarsa, wadda muke zaune gida ɗaya, ita ma tana da nata ƙorafin. Ta ce in ya je suna ko gaisuwar mutuwa, kafin tabarma ta yi ɗumi ya miƙe, har dangi sun fara cewa neman duniya ya yi masa yawa. Wata rana na kasa daurewa na tambaye shi.

"Maigida, albashin biro bai isa ba ne?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ta Tabla," don haka yake kirana, "aikin Nasara aro ne. Ran da sunka ga dama su ce in aje kaki. Wanga kuwa hannuna ne, ba mai amshe shi." Sai ya yi murmushi ya nuna mini mariƙin keken. "In hira kike so, zo ki juya mini, in samu hannu biyu."

Daga ranar nan nake juya masa keke. In na gama aikin rana sai in zo in zauna a gefen da ba a hango ni daga waje, ina juyawa yana bi da ƙyalle. A nan na san mijina. A nan ya ba ni labarin teku da ya gani, da yunwar da ta kashe musu shanu yana yaro, da yadda yake tsoron karen kumandan amma ba ya bari kowa ya gane. Na lura kuma da wani hali nasa: ko allura ba ya ɗauka zuwa biro, kuma ko maganar biro ba ya yi a gaban masu kawo ɗinki, duk yadda suka so su ji abin da Nasara ke shiryawa.

Shekarar da nake son bayar da labarinta, Sallar Layya ta faɗo daidai bakin damina. Zaure ya cika da yadi, fari da shuɗi da atamfa. Kowane ƙunshi da igiyar kaba ɗaure a jikinsa, don da igiya yake auna mutum, ya ƙulla a kafaɗa, ya ƙulla a hannu, ya ƙulla a tsawo. Ya yi wa kowa alkawarin jajibiri.

Sai wata rana ya dawo da yamma, fuskarsa ba yadda na saba gani ba. Ya ce kumandan zai fita rangadi wajen Sanam da ƙauyukan da ke kewaye, a buɗe rumbunan tsimi a raba wa talakawa iri, kuma da shi za a tafi. Ba za su dawo ba sai dab da salla. Muna cikin maganar hadari ya taso daga gabas, kafin magariba aka sheƙa ruwa, irin ruwan shuka da kowa ke jira. Gari duk ya ɗauki murna, mu kuwa muka zauna a ɗakin Inna muna duban juna.

Inna ta ce, "Ka mai da ma mutane kayansu tun da wuri, su nemi wani tela."

Ya ce, "Inna, duk telan garin ga ya cika hannu. In na mai da, da tsumma za su Idi."

"To gona fa? Ko ita ma raƙumi za ka aza ta?"

Gatse ta yi masa, amma sai na ga idonsa ya yi haske. Washegari ya samu tafinta, ya roƙe shi ya tambayar masa kumandan ko zai yarda a sa keken ɗinki cikin kayan rangadi. Tafinta ya ce ba a taɓa yi ba, amma ya shiga ya faɗa. An ce Bature ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce a ɗauka, muddin in ya kira palanto zai same shi a tsaye.

Kafin su tashi ya yanke dukan yadin, ya naɗe kowane da igiyarsa, ya zuba a buhu. Ya naɗe keken da bargo, aka ɗaure shi a bayan raƙumi, tukwanen kukun kumandan a ɗaya gefen. Da zai fita ya tsaya a bakin zaure ya dube ni, zai ɗauko maganar gonar. Ni na riga shi.

"Tafi, maigida. Ni ɗiyar manoma ce."

Faɗi ya fi yi sauƙi. A gidanmu maza ke sara da sungumi, mata na bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Yanzu ni ce mai sara, Inna da tsufanta tana bina da ƙwarya. Kafin rana ta yi zafi tafin hannuna ya yi ƙuraje, zuwa washegari suka fashe. Layukana kuwa sai ka ce tafiyar maciji. Inna ba ta taɓa yabona ba tun da aka kawo ni, amma ranar ta kama hannuna ta shafa man shanu, ta yaga bakin zanenta ta ɗaure mini. Muna tsakiyar gona, ƙasa ta fara bushewa, sai ga maƙwabcinmu na gona, wani Bazabarme, shi da ƙannensa, sun gama tasu. Ya gaishe mu da fofo, sannu ta Zabarmanci, ya karɓe sungumin daga hannuna. Ashe mijina ya biya ta wurinsa kafin ya tafi, ya roƙe shi. Bai gaya mini ba don bai tabbata mutumin zai samu sarari ba, kuma ba ya son ya sa mini rai.

Abin da ya faru a rangadi daga bakinsa na ji, wasu kuma daga bakin Buzun da ke jan raƙuman. Duk inda suka sauka, sai ya kafa wa kumandan tebur, ya kira masu gari, ya tsaya har a gama rabon iri. In Bature ya shiga hutawa, shi kuma ya sauke keke a gindin aduwa. A Sanam jama'a suka kewaye shi, manoma da makiyaya, waɗansu ba su taɓa ganin ƙarfe yana ɗinki ba. Suka riƙa kawo masa yadi, yana ba su haƙuri, yana cewa kayan da ke buhun nan duk amana ce, sai ya sauke ta. Wata tsohuwa ce kaɗai ta ci nasara a kansa. Ta zauna gabansa da yagaggiyar rigar jikanta, har ya karɓa ya ɗinke mata.

Sannan wata iska mai yashi ta same su a hanya kafin ruwa. Yashi ya shiga cikin keken duk da bargon. Ya kwance shi gunduwa-gunduwa a kan zane, ya share da gashin zabuwa, ya mayar. Keken ya tashi, amma da nauyi, ya riƙa cin allura. Allurar ƙarshe ta karye ana saura riga ɗaya. Ya koma ɗinkin hannu, har a kan raƙumi, sai dai riga ce babba, lokaci kuma ya ƙure.

Ranar jajibiri da hantsi suka shigo gari. Na gan shi ya rame, idanunsa sun yi ja, yatsunsa duk sukar allura. Ya gaida Inna, ya sha ruwa, ya ce, "Gona fa?" Na ce hatsi ya tsiro. Ya dubi tsumman da ke hannuna, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Allah shi yi miki albarka, Ta Tabla."

Kafin azahar zaure ya cika da masu karɓar kaya. Kowa ya gwada tasa ya fita yana sa albarka. Wadda ta rage ta wani dattijo ce mai sayar da gishiri, maƙwabcin rumfarsa a kasuwa, wanda ya yi shekaru bai ɗinka sabuwar riga ba. Mijina bai jira ya zo ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko tasa rigar sallar, wadda ya ɗinka tun da rani ya yi mata aiki a wuya, ya haɗa da wadda ba a gama ba. Inna ta ce in bi shi da goro, don haka da idona na gani.

Muka sami tsohon a ƙofar gida yana ba ragonsa dusa. Mijina ya durƙusa ya shimfiɗa rigar a gabansa.

"Baba, na yi maka alkawari ban cika ba. Ga inda na tsaya. Allura ta ƙare mini a daji."

Tsohon ya juya rigar, ya bi ɗinkin hannun da yatsa. Ya ce, "Ba komi, ɗana. Tsohuwar tana nan, a wanke ta."

"A'a, Baba. Ga wagga, tsawonmu ɗaya. Da ita za ka Idi."

"In sa rigarka, kai ka sa mi?"

"Ni yaro ne, ko mi na sa ya yi."

Suka yi ta ja, tsohon yana turo rigar, shi yana mayarwa. Daga ƙarshe tsohon ya ce ya karɓa, amma aro, ba kyauta ba. Da safe aka tafi Idi, tsohon yana tafe cikin farar riga yana ɗaga kafaɗa, mijina kuwa cikin tsohuwar rigarsa mai faci a gwiwar hannu. Abokansa suka sa shi gaba da tsiya, wai ga telan da ya tufatar da gari ya manta da kansa. Ya biye musu aka yi ta dariya. Ni ina daga bakin hanya cikin mata, ina jin kamar in nuna shi in ce wancan nawa ne, kunya ta hana.

Bayan an yanka rago zazzaɓi ya kayar da shi, ya yi kwanaki a kwance. Inna ta zauna a kansa tana ba shi jiƙo tana faɗa, ta ce jiki ba ƙarfe ba ne, ko keken nasa sai da ya gaji. Wannan karon bai yi musu ba. Da ya tashi, wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo masa allurai daga Yamai, ya gama rigar tsohon ya kai masa, shi kuma tsohon ya maido masa tasa a wanke a ninke, da ƙunshin gishiri a kai. Daga shekarar nan ya koyi cewa a'a. In salla ta matso, ya karɓi abin da zai iya, sauran ya tura su wurin wasu teloli, ko da an yi fushi. Ya riƙa zama a wurin suna har a watse.

Bayan an yi noman fari, wata rana na zo zan juya masa keke, sai ya tashi daga mazauninsa ya ce in zauna nan. Na ce ina aka taɓa ganin mace tela? Ya ce wadda ta yi saran shuka ba abin da zai gagare ta, kuma matan unguwa ba sa son namiji ya auna su, kullum sai dai su aiko da tsohuwar riga. Shi ya juya, ni na bi da ƙyalle.

Rigar farko da na ɗinka ta matar maƙwabcinmu Bazabarme ce. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan kuma ya karkace. Ya ɗaga ta ya duba, bai yi dariya ba, ya miƙo mini reza ya ce in warware. Na warware ina hawaye, na sake, ya ce in ƙara warware wuyan. Da na gama a karo na gaba ya duba ciki da waje, ya ninke ta da kansa ya ce in kai. Matar ta sa ta zuwa kasuwa ranar Lahadi, kafin sati ya zagayo mata biyu suka yi sallama a tsakar gida da atamfa a hammata, suka ce ba wurin maigida suka zo ba, wurina suka zo.